Lissafin Bene da Kunyar Ɗan Fari

A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Iyayenmu sun daɗe da barin ruga, shanun ma sai 'yan kaɗan da suka rage a hannun wani kawunmu a bayan Garki, Fillanci kuma ya tsere daga bakinmu tun muna yara. Amma wannan al'ada ta biyo mu har cikin gidan siminti a Dutse. Ba a kiran sunansa, ba a zama da shi a yi hira, ba a yabonsa a gaban mutane, in ya faɗi ba uwarsa ce za ta fara ɗaga shi ba. Ni ce 'yar fari a wurin Innarmu, kuma har ta koma ga Allah "ke" ne sunana a bakinta. Ban taɓa jin haushin abin ba. Da na haifi nawa sai na ɗora daga inda ta tsaya, ba tare da kowa ya ce in yi ba. "Yaron nan" nake ce masa in ba ya wurin, in yana wurin kuma "kai".

Ina tsakiyar karatun koyarwa na haife shi, sai Inna ta turo min ƙanwata ta yi min raino. Yarinya ce a lokacin, ko ɗaurin zani ba ta gama iyawa ba, amma a bayanta ya girma. Ita ke kiran sunansa, ta ja shi, ta gutsure shi, ta yi masa waƙa da shi. A bakinta ya ji ana ce min Adda, wato yaya, shi ma ya ɗauka, har yau da gemunsa Adda yake ce min. Ita kuma yana ce mata Yafendo, yadda ake kiran ƙanwar uwa a wajenmu. Ni da ita ba mu yi kama ba ko kaɗan, ni doguwa ce marar fara'a, ita gajeriya ce mai dariya kamar an biya ta. Murya ce kawai muka haɗa. A waya ko maigidana sai ya tsaya ya tambaya wacece, akwai ma ranar da ya gama yi wa ƙanwata faɗan mukullin gida kafin ta fashe da dariya.

Aikina koyar da lissafi a makarantar sakandaren 'yan mata. Na daɗe ina yi, har wasu daga cikin ɗalibaina na farko sun kawo min nasu 'ya'yan. In akwai abin da aka san ni da shi, to aljabara ce, musamman wadda haruffa ke zaune a saman layi wasu a ƙarƙashinsa. 'Yan ajina suna ce mata lissafin bene, saboda hawa-hawan. Yarinya za ta zo min tana kuka da shi, ta bar hannuna tana yi wa ƙawayenta bayani. Ba yabon kai ba ne, a wannan fannin ban san wanda zan ɗaga wa ƙafa ba a duk faɗin Dutse.

Sai ga ɗana ya faɗi lissafi a jarrabawar gama sakandare.

Komai ya ci, har Turancin da ke kayar da yara, lissafi kaɗai ya riƙe masa ƙafa. Babu jami'a sai da shi. Abokansa suka tafi, shi ya zauna shekara guda a gida yana jiran ya sake rubutawa. A ɗakin malamai aka yi min jaje kamar an yi mutuwa, wata ma da ba ta iya riƙe bakinta ta ce, "Ga ƙoshi ga kwanan yunwa." Na yi murmushi, amma maganar ta tsaya min a rai. In faɗi gaskiya, ba surutun mutane ne ya fi damuna ba, kuma na san in ya dage zai ci. Abin da nake so guda ɗaya ne. Ina so yaron nan ya ɗauko littafinsa da ƙafarsa, ya tsugunna a ƙofar ɗakina, ya ce, "Adda, nuna min." In shi ya zo, babu kunyar da za ta hana ni. Ni ce dai ba zan iya zuwa ba.

Akwai bishiyar dabino a tsakar gidanmu, a ƙarƙashinta yake zama a kan benci yana karatu. Wata ranar Asabar da hantsi na fito shanya, na bi ta bayansa, idona ya faɗa kan takardarsa. Ya rubuta x a tara da uku a sama, uku a ƙasa, ya sa biro ya soke ukun sama da ukun ƙasa, hankalinsa kwance, ya bar x tsirara. Na ja na tsaya. Wannan shi ne kuskuren da na yi shekaru ina cirewa daga kan 'ya'yan mutane, ga shi yana kiwo a tsakar gidana. Ai ko ɗan firamare in ka ce masa x shida ne, ya san tara a raba uku uku ne, ba shida ba. A aji ina da maganar da nake yi musu. Nakan ce maraƙin da ke ɗaure a dangwali, igiyar nan da ake jera maruƙa a jikinta, ba a jansa shi kaɗai, sai an kwance. Abin da tarawa ta ɗaure ba a soke shi, sai an warware lissafin ya koma ninkawa.

Na shanya zani, na dawo na gyara shi, na sake komawa na juya shi, duk ina kewaya bencin. Da abin ya ci tura sai na dubi akuyarmu da ke ɗaure a gindin katanga na ce da ƙarfi, "Wasu dai sai su kama maraƙi su yi ta ja, ba su duba ko a ɗaure yake ba." Hannunka mai sanda ke nan, ko kurma ya ji. Yaron nan ya ɗaga kai, ya dubi akuya, ya dubi igiyar shanya, sai ya tattara littattafansa cikin ladabi ya koma zaure. Ya ɗauka wurin nake so.

Ranar Juma'a bayan masallaci bai dawo cin abinci ba. Sai la'asar ya shigo da takardu bugaggu a hannu, fuskarsa a sake, ina ji yana gaya wa babansa cewa Yafendo ta nemo masa tambayoyi a intanet.

Yafendo! Yarinyar da ni na san irin wahalar da lissafi ya ba ta. Sai da ta zauna jarrabawar har malaman da ke tsaron ɗakin suka san fuskarta, a ƙarshe ta haƙura ta kama sayar da atamfa da leshi ta waya, kuma Allah Ya sa mata albarka a ciki. Yanzu tana aure a unguwar Gida Dubu, da babbar wayarta da ba ta rabuwa da ita ko a kicin. Ita ce aka kai wa littafi. Ni da alli ya ci min farce, an bi ta gabana an hau acaɓa an tafi wurin mai atamfa. A ranar tuwon da na tuƙa ko ni ban iya cinsa ba.

Daga baya na gane abin da ya kai shi. Tambayoyi ne suka ƙare masa. Littafin makaranta 'yan kaɗan ya bayar a kan wannan babi, ya yi su ya maimaita har ya haddace amsoshin da ke bayan littafin, ya zama ba lissafi yake yi ba, tilawa yake. Ya sayo ɗan littafin tsofaffin tambayoyin jarrabawa a kasuwa, irin mai takarda kamar ta ƙunshin ƙosai, wanda bugunsa ya dushe har ba ka bambance alamar tarawa da ta ɗebewa, amsoshin ma wasu ba daidai ba ne. Yaro ya yi daidai littafi ya ce ya yi kuskure, ya yi kuskure littafi ya ce ya yi daidai. Duk wannan ina da maganinsa a kaina, taku kaɗan daga bencinsa. Amma shi ma ɗan gidan ne, yadda na iya kunyata haka ya iya tasa.

Ba a yi nisa ba sai ga ƙanwata ta zo min makaranta lokacin hutun tara, ta same ni a ɗakin malamai ina gyaran takardu. Ta ja kujera ta zube.

"Adda, mun maƙale."

"Ku wa?"

"Ni da ɗanki mana. Kin ga, abin nan na waya ba shi da kai. In na nema sai ya zubo min tambayoyi kamar ruwan sama, wasu na 'yan firamare, wasu kuma wallahi ko ke sai kin yi alwala. In na samu masu kyau babu amsa, in na danna wurin amsar sai a ce sai na yi rajista. Jiya ya tambaye ni me ya sa nasa bai zo daidai da nasu ba, na ce masa bari in sa wayar a caji."

"Haihuwar guzuma ke nan," na ce, "ɗa kwance uwa kwance."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Sai ta matso ta rage murya.

"Don Allah Adda ki zaunar da shi mana. Wa zai ce miki wani abu? Inna ta rasu, Allah Ya ji ƙanta. Yanzu wa yake wannan abin?"

Ita ba ta yi. 'Yarta ta fari a cinya take ɗora ta a gaban kowa, tana kiran sunanta tun daga bakin titi. Na ce mata ba kowa ne aka yi wa wankan jego da ruwan rashin ta-ido ba. Na faɗa da zafi, don na san tana da gaskiya, kuma don ban iya gaya mata cewa na gwada a raina ya fi a ƙirga ba. Nakan shirya maganar tsaf, in zo bakin ƙofa, sai harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Wanda bai tashi a ciki ba gani yake taurin kai ne.

Ta ce, "To ki rubuta min. Ni zan kai shago a buga, in ce daga waya na samo."

Haka muka fara.

Mutane suna zaton malami a littafi yake kwaso tambaya. Mai son aikinsa ɗinka ta yake yi, kuma daga amsa ake farawa. Sai in zaɓi inda nake so ya sauka, a ce x a ɗebe biyu a sama, x a tara da biyar a ƙasa. Sai in kawo wani ƙunshi, kamar x a tara da uku, in ninka sama da shi, in ninka ƙasa da shi, in baje su duka har ƙunshin ya ɓace a ciki. Aikin ɗalibi shi ne ya bi sawuna da baya, ya tono abin da na binne, sannan ya soke. Ga 'yan ajina nakan yi guda goma a tsaye kafin shayina ya huce. Na yaron nan kuwa sai in zauna ina juya tambaya ɗaya kamar mai zaɓen atamfar sallah. Na san inda ƙafarsa ke zamewa, don haka na fara da masu jarabtar mutum ya soke abin da ke ɗaure. Da ya daina, na koma kan haɗa bene biyu masu ƙasa daban-daban, yadda za a nema musu ƙasa guda. Daga nan na shiga ɗebewa, inda yara ke manta cewa alamar tana shafar duk abin da ke saman layi, ba na farkon kaɗai ba.

Ƙanwata takan biyo ta karɓa, ta kai shagon buga takardu, ta ba shi ranar Juma'a. In ya yi ya mayar mata, ita kuma ta kawo min a cikin jakar atamfofinta. Ban taɓa sa jan biro a kai ba. Sai dai in duba, in zaunar da ita in koya mata abin da za ta ce, tana maimaitawa kamar 'yar makarantar allo, tana kuskurewa ina zare mata ido. Shekarun da na yi ina rabon abinci a gidan nan ban taɓa sanin yaron nan kamar yadda na san shi a waɗannan takardu ba. Na gane yana da gaggawa a farko da tsoro a ƙarshe. Na gane in ya rikice yakan yi ɗan zane a gefen takarda, kan saniya da ƙahoni. Na gane bakwai ɗinsa irin nawa ne, da ɗan layi a tsakiya, ban kuma san a ina ya gani ba.

Wata rana da yamma muna tsakar gida, maigidan yana kan tabarma yana jin rediyo, ni ina tsintar shinkafa a ƙofar kicin, sai yaron nan ya zo ya zauna kusa da babansa. Su maza kunyarsu ba ta kai tamu ba, suna ɗan taɓa hira.

"Baba, ashe Yafendo ta iya lissafi haka? Ka san me ta ce min? Wai maraƙin da ke ɗaure a dangwali ba a jansa sai an kwance. Wallahi tun da ta faɗa ban ƙara yin kuskuren nan ba."

Maigidan ya san komai. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, gemunsa yana rawa don dariyar da yake dannewa, ya ce, "Ai Yafendonka malama ce, ba a dai sani ba ne."

Maganata ce. A bakin kakata na ji ta a ruga ina ƙarama, ni na ɗauko ta na kai ta aji, ni na faɗa wa akuya ita a gabansa bai ɗauka ba. Yanzu ta bi ta bakin mai atamfa ta zama hikima. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ji kishi irin wanda ban taɓa ji a kan kowace mace ba, kuma a kan yarinyar da ni na koya wa ɗaurin ɗankwali. Na tashi da farantin shinkafar na shige kicin, na yi ta buga tukwane ba gaira ba dalili.

A makon ne shaiɗan ya ba ni shawara. Na ce bari in ɗinka wadda za ta gagari kowa, in ga ƙarshen malantar. Na yi bene a kan bene, sama bene ƙasa bene, na cusa alamar ɗebewa a inda ba a zato, na binne ƙunshi biyu maimakon ɗaya. Da ƙanwata ta zo karɓa ta ce in koya mata bayanin, na ce ina da aji, ta tafi kawai. Lissafina shi ne zai maƙale, ita ma ta maƙale, wayar ta shiga caji, daga nan babu sauran ƙofa a garin nan sai tawa. Har na share ƙofar ɗakin na shimfiɗa sabuwar tabarma.

Na gan shi a ƙarƙashin dabino yana fama. Ya cika takarda ya yaga, ya tashi ya zagaya, ya dawo. Washegari ma haka. Ina ɗaki ina leƙensa ta labule, duk motsin da ya yi sai in ce yanzu zai taso. Can sai na ga ya tsaya cak, ya sunkuya ya yi rubutu da sauri, ya miƙe tsaye. Ya nufo wajen ɗakina. Na gyara zama, na ɗauki carbi don kada a ce jira nake. Ashe takalminsa ne a bakin ƙofar. Ya zura ya fita da gudu, ko ƙofar gida bai rufe ba.

Ba a jima ba wayata ta yi ƙara.

"Adda! Ya yi ta! Shi kaɗai ya yi ta, ban ce masa komai ba, to me ma na sani? Ya shigo yana haki kamar an koro shi. Kai, Adda, da kin ga fuskarsa."

Da na ga fuskarsa. Na ce mata to, Allah Ya ƙara basira, na kashe wayar. Na yi murna, Allah Ya sani, tambayar nan ko cikin 'yan ajina ba kowa ce za ta fitar da ita ba. Amma ni na haƙa ramin, ni na zauna gadinsa, da ya tsallake kuma wata ce ta ga fuskar.

Ya rubuta jarrabawa da damina. Da sakamako ya fito, a shagon da ake dubawa ya gani, daga can kuma bai zarce ko'ina ba sai Gida Dubu. A bakin ƙanwata na ji, tana guɗa a waya har kunnena ya yi zafi. Sai bayan azahar ya shigo, ya tsugunna a ƙofar ɗakina, a kan tabarmar nan, kansa a ƙasa.

"Adda, sakamako ya fito. An samu."

"To, madalla. Akwai abinci a kicin."

Abin da Inna ta ce min ke nan ranar da na kawo mata nawa, kusan kalma da kalma. Ya ce to, ya tashi. Da ya fita na rufe ƙofa na yi sujada, na daɗe ban ɗago ba.

Da aka zo zaɓen abin da zai karanta a jami'ar da ke Kafin Hausa, babansa ya so ya yi harkar gwamnati ko ta kwamfuta. Yaron nan ya ce shi lissafi yake so, kuma koyarwa. Maigidan ya tambaye shi dalili, ina jinsu ta taga. Ya ce da yana ganin lissafi mugunta ce kawai, Yafendo ce ta sa ya gane cewa kowace tambaya mutum ne ya ɗaura ta, kuma ana iya kwance ta. Yana so shi ma ya yi wa wasu yaran abin da ta yi masa.

Ƙanwata da ta ji, abin ya dame ta. Ta zo har gida ta ce, "Adda, wannan ya yi yawa. Bari in gaya masa gaskiya." Na ce in ta kuskura ba ni ba ita. Uwa ta aika a gaya wa ɗan fari irin wahalar da ta yi masa? Gori ke nan, ko a garin da ba a san kunya ba. Kuma ni ba labari nake so a kai masa ba. So nake ya juyo da kansa. Ta dube ni ta girgiza kai ta ce, "Ke da ɗanki sai Allah." Na ce a bar kaza cikin gashinta.

Ranar tafiyarsa, bisa al'ada, sallama daga ƙofar ɗaki ta ishe ni. Ya zo ya tsugunna, na ce Allah Ya tsare, a kula da salla, a guji abokan banza, duk ina kallon bango. Babansa ya wuce ofis, ƙanwata ce za ta raka shi tasha. Suna fita na ji gidan ya yi min faɗi. Na zari mayafi na bi su, na ce ina da saƙon da zan bayar a tasha a kai Taura, tunda hanya ɗaya ce sai mu tafi tare. Babu wani saƙo. Ƙanwata ta dubi hannuna da babu komai a ciki, muka kama hanya.

A tasha ita ce ta yi ciniki da kwandasta a kan katifa, ita ta duba ko an ɗaure jakar da kyau, ita ta tura masa ƙullin dabino da dambun nama ta taga, dambun da ni na kwana biyu ina yi. Ya samu wuri a kujerar baya, gefen taga. Ni ina tsaye a bayanta kaɗan, kusa da mai sayar da rake, ina kallon wata mota daban kamar ita na zo nema. Motar ta cika, direba ya shiga ya tayar. Yaron nan ya sunkuya yana gyara jakar da ke kan cinyarsa, na ga ƙeyarsa, na ga ashe har yanzu akwai ɗan tabon nan na ranar da ya faɗo daga kan katanga, ranar da na tsaya a ƙofar kicin har ƙanwata ta zo ta ɗauke shi.

Ban shirya ba. Bakina ne kawai ya buɗe, na kira sunansa. Cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Ban san haka yake da daɗi a baki ba.

Ya ɗago da sauri, ya leƙo ta taga.

"Na'am, Yafendo?"

Ita yake kallo. Idonsa ko gilmawa ta kaina bai yi ba, don a iya saninsa muryar nan in ta kira sunansa mutum ɗaya ce. Ƙanwata ta buɗe baki, ta waiwayo ta dube ni. Ban san me ta gani a fuskata ba. Mai rake yana kallonmu, matan da ke cikin motar suna kallonmu. Sai ta juya ta ɗaga murya ta ce, "Cewa na yi ka kira in ka sauka!"

Ya ce, "To, in sha Allahu," motar ta ja.

Ta rufa min asiri, kamar yadda 'yar gidanmu ya kamata ta yi, ko Inna ce a wurin sai ta sa mata albarka. A adaidaita-sahu muka dawo tare, tana riƙe da hannuna, ni kuma ina jin kamar in fizge. Ta biyo ni gida ta zauna, wai kada ta bar ni ni kaɗai, ta shiga kicin ta dafa mana shayi.

Wajen la'asar ya kira ya ce ya sauka lafiya. Wayarta ya kira, tunda ita ce ta ce ya kira. Ina zaune kusa da ita ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa, yana ba ta labarin ɗakin da aka ba su da yadda katifar ta sha ƙura a hanya. Kafin ya kashe ya ce ta gaida Adda.